Yawunde a Makonnin Ƙwallo: Daga Hayaƙin Briketeri zuwa Ƙofar Olembe

Kafin idonka ya ga unguwar, hancinka ne zai gaya maka ka iso. Ƙaurin kitse da ke ɗiga kan garwashi, ƙamshin yaji da albasa, can ciki-ciki kuma turaren wuta daga shagunan masu yadi. In ka baro shataletalen Warda, ka ba katafaren zauren wasannin da 'yan China suka gina baya, ka kama hawan tudu, to ka shigo Briketeri, unguwar da mutanen Yawunde ke kira unguwar Hausawa. Ranar Lahadi 9 ga Janairun 2022, tsakanin Magariba da Isha'i, titinta babu masaka tsinke. A lokacin ne aka tashi daga wasan buɗe gasar cin kofin nahiyar Afirka a filin Olembe, inda Kamaru ta doke Burkina Faso da ci 2 da 1. Duka ƙwallayen biyu Vincent Aboubakar ne ya zura su da bugun fanareti. Shi kuwa haifaffen Garwa ne, saboda haka 'yan arewa mazauna babban birnin suka ɗauki nasarar kamar a tsakar gidansu aka yi ta.

Shekara 50 Kamaru ta yi tana jiran wannan dare. Rabonta da karɓar baƙuncin gasar tun 1972, lokacin da ƙasashe 8 kacal ke bugawa, kuma Kongo ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. An ba ta gasar 2019, aka ƙwace a watan Nuwamban 2018, daga baya aka miƙa wa Masar, saboda filaye da hanyoyi ba su kammala ba. Aka sake ba ta ta 2021, sai ga annobar korona. Da aka zo bugawa, shekara ta riga ta juya, amma sunan gasar bai canja ba. Wanda ya yi irin wannan jira, ranar da abin ya tabbata ba ya zama a ɗaki.

Yawunde gari ne da aka shimfiɗa a kan duwatsu. Ana yi mata kirari da mai tuddai bakwai, ko da yake duk wanda ya taka ta da ƙafa zai rantse sun fi haka. Tana da tsawon kusan mita 750 daga matakin teku, shi ya sa ba ta da zafi mai naso irin na Duwala. A watan Janairu rana na da ƙarfi, amma da yamma iska kan yi sanyi, wani lokaci har da ɗan hazon hunturu da ya yi ragowa daga arewa. 'Yan ƙasa, wato Ewondo, suna ce mata Ongola, ma'ana shinge, saboda shingen da Jamusawa suka kewaye sansaninsu da shi bayan sun kafa shi a 1889. Garin ba shi da wata tsakiya guda da kowa ke kwarara zuwa cikinta da dare. Kowane tudu da unguwarsa, kowace unguwa da halinta, kuma abin da ke ɗinke su shi ne tasi mai launin rawaya. Tsarin hawanta sai an koya. Za ka tsaya bakin titi, direba ya rage gudu, ka leƙa ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya. In ya danna oda, ya yarda ke nan, ka shiga. In ya wuce bai ce uffan ba, kada ka ji haushi, hanyarku ce ba ɗaya ba. A lokacin gasar kuɗin zango ɗaya da rana sefa 250 ne, amma a ranar da Kamaru ke wasa, wanda ya ƙara ko da ɗari shi ake fara ɗauka.

Sunan Briketeri daga Faransanci yake, yana nufin wurin gasa jan bulo, don masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin Jamusawa. Sunan ƙasar na asali Ekudu. Fataken Hausawa sun iso wannan yanki tun farkon zaman Turawa, suna bin hauren giwa da goro da roba, suna kawo tufafi da kanwa da kayan fata. An tashe su daga wuri zuwa wuri yayin da garin ke faɗaɗa, kafin su zauna daram a nan cikin shekarun 1930. Yau kalmar Bahaushe a bakin mutumin kudancin Kamaru ta wuce ƙabila. Bafulatani daga Ngaundare, Babarbare daga Kuseri, Bamun daga Fumban, ɗan Nijar, ɗan Mali, ɗan Cadi, muddin Musulmi ne mai doguwar riga, Bahaushe ne. Wani lokaci ma sai ka ji an kira mutum da “magida”, wato mai gida ɗinmu ce ta shiga bakin wasu ta zama suna. A cikin unguwar kuwa Hausa da Fillanci da Faransanci suna cuɗanya a jimla guda, babu mai tsayawa ya tambayi wane harshe ake yi.

Da rana unguwar ta teloli ce. Kekunan ɗinki na kuka tun hantsi, shadda da atamfa a jere har rufi, masu aikin wuyan riga a zaune bakin ƙofa. A makonnin gasar sai kore da ja da rawaya, launukan tutar Kamaru, suka mamaye teburan yanka: riguna, huluna, ɗankwali, har da 'yan kayan jarirai. Amma da rana ta faɗi, sarautar unguwar komawa take yi hannun mahauta.

Abin da muke ce wa tsire da balangu, a nan soya ake ce masa, kuma akwai wani yanki na Briketeri da mutanen gari suka raɗa wa suna Ma'aikatar Soya, kamar yadda ake da ma'aikatar kuɗi da ta lafiya. Sunan ya dace da wurin. Tukuba na bin tukuba, kowace da fitilarta da yaranta masu yanka albasa. Al'adar ita ce mai nama ya fara yanko maka ɗan ɗanɗano a bakin wuƙa kafin a yi ciniki. In ka gamsu, sai ya yanka gwargwadon kuɗinka, ya zuba a takarda, ya barbaɗa yajin da suke kira kankan. Bambancin da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai fara lura da shi shi ne abin haɗawa: maimakon burodi ko masa, sai a ba ka gasasshen agade ko sandar rogo da aka dafa a ganye. Naman na arewa, mahaɗin na kurmi. Shanun kansu daga tudun Adamawa suke zuwa, wasu a tirela, wasu a jirgin ƙasa daga Ngaundare, a sauke su a kara da mayankar Etudi, unguwar da fadar shugaban ƙasa take.

Abin da ya fi burge ni da wurin shi ne waɗanda ke tsaye a layi. Babban ma'aikaci da ya ajiye mota mai baƙin gilashi, ɗan acaɓa da ya jingine babur, 'yan mata 'yan jami'a da fenti a kumatu, ɗan jarida daga Maroko da katin aiki rataye a wuya. Yawunde gari ne da mai kuɗi da talaka ba su cika cin abinci a inuwa ɗaya ba, amma a gaban mai tsire kowa tsayuwa yake yi ya jira a zo kansa. Gefe guda kuma ga teburan masu shayi, da benci da ƙaramin talabijin da aka ɗora kan kwali, inda ake zuba shayi mai kauri da madara, ana soya ƙwai, ana musun wanda ya kamata kocin Kamaru Toni Conceição ya fara sakawa. A nan ne magoya bayan Najeriya suka bi wasannin Super Eagles da aka buga can Garwa: 1 da nema a kan Masar, 3 da 1 a kan Sudan, 2 da nema a kan Gini Bisau. A nan kuma aka yi jugum a daren 23 ga Janairu da Tunisiya ta sallame su da ƙwallo ɗaya.

Takardun tallar yawon buɗe ido sun fi son nuna Hasumiyar Haɗewar Ƙasa da gidan tarihi da otal-otal na tsakiyar gari. Ban raina su ba. Sai dai wanda ya ciyar da dubban baƙin nan tsakar dare, alhali ɗakunan girkin otal sun rufe, shi ne mutumin da ke tsaye gaban wuta tun La'asar, hayaƙi na cin idonsa, kuma ban ga an sa hotonsa a allon maraba ko ɗaya ba.

Daga Briketeri, tafiya kaɗan ce zuwa Tsinga, inda babban masallacin da Saudiyya ta gina yake, nan ne kuma a lokacin gasar hedikwatar hukumar ƙwallon ƙasar take, wadda Samuel Eto'o ya zama shugabanta wata guda kacal kafin a fara gasar. Ta ɗaya ɓangaren kuma kasuwar Mokolo ce, uwar gwanjo, inda rigar 'yan wasa ta jabu ke tashi da sauka a farashi gwargwadon sakamakon daren jiya.

Wani dare daban

Ka tsallaka gabashin gari, ka shiga Mfandena da Essos da Mvog-Ada, sai ka ce ba ƙasa ɗaya kake ba. Gara a faɗa wa mai karatu gaskiya: daren waɗannan unguwanni a kan giya ya ginu. Mashaya na jingine da mashaya, kujerun roba sun cinye rabin titi, manyan kwalabe a kan kowane tebur, lasifika na neman fasa kunne. Wanda ba ya sha zai ji kansa bare da farko. Amma zai yi asara in ya juya tun daga nan, domin a ƙofar kusan kowace mashaya akwai mace zaune gaban murhun gawayi tana gasa kifi, kuma wannan kifi yana cikin abin da Kamaru ta fi iyawa. Kifin teku ne da ake kawowa daga gaɓa, a tsattsaga shi, a cusa masa niƙaƙƙen haɗi na citta da tafarnuwa da barkono da wasu 'ya'yan itatuwan kurmi da ba mu da su a arewa, a riƙa shafa mai ana juyawa har fatar ta yi ƙus-ƙus. Kai za ka nuna wanda kake so, a yi ciniki, ka nemi kujera, ka sayi lemon kwalba, ka jira. Jiran kan kai rabin sa'a, a ranar wasa ya fi haka. Da hannu ake ci, da soyayyen agade ko bobolo, wato rogon da aka jiƙa ya yi ɗan tsami, aka niƙa, aka naɗe a ganye kamar doguwar sanda.

Matan nan su ne takwarorin mahautan Briketeri. Da ribar murhun nan ake biyan kuɗin makaranta da na haya, kuma makonni huɗu na gasar sun zame musu kaka.

Kiɗan da ke tashi a nan bikutsi ne, kiɗan mutanen Beti, mai saurin bugu kamar ana sussuka, wanda asalinsa na mata ne da balafo kafin jita ta karɓe shi. Makosa ta Duwala ce. Ita ma ana jin ta, kuma tana da tsohuwar alaƙa da wannan gasa, don shahararren kiɗan nan na marigayi Manu Dibango, Soul Makossa, a bayan faifan taken gasar 1972 ya fara fitowa. Amma sautin da ya mallaki titi a 2022 shi ne mbole. Samarin unguwannin talakawa irin su Nkolndongo da Mvog-Ada ne suka ƙirƙiro shi a wuraren zaman makoki, inda ake kwana ana tafi da buga ganguna don ɗebe wa masu rashi kewa. Daga can ya fito ya shiga situdiyo. Duk daren da Kamaru ta ci wasa, za ka ga ayarin samari na gudu-gudu a tsakiyar titi, mutum ɗaya na bayarwa saura na amsawa, 'yan acaɓa na biye da su suna danna oda.

Abincin rana kuma wani babi ne. Da safe, fanke da wake da koko, wanda ɗalibi da lebura ke karyawa da shi. Da azahar, ƙananan rumfunan da ake kira “juya baya”, saboda masu ci suna zaune ne sun ba titi baya. A can ake samun ndole, miyar shuwaka da aka wanke ɗacinta aka haɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa da nama ko jatan lande. Bahaushe zai gane shuwaka, zai gane gyaɗa, amma haɗuwarsu a tukunya ɗaya sabon abu ne a harshensa. Akwai kuma kazar da ake kira ta babban darakta, wadda ake soyawa da nunannen agade da karas, sunanta kaɗai ya gaya maka wanda ke iya sayenta a da. Mai kiyaye abin da yake ci ya riƙa tambaya, domin naman alade da na daji ba baƙi ba ne a tukwanen kudu. In ya tsaya kan kifi, ko ya koma wajen 'yan'uwansa, hankalinsa zai kwanta.

A Biyem-Assi da Obili, kudu maso yammacin gari, Turancin buroka ne ke tashi. Nan ne mazaunin mutanen yankunan da ke amfani da Ingilishi, kuma tun da rikicin yankunan ya ɓarke a ƙarshen 2016 unguwannin suka ƙara cika da waɗanda suka gudo daga Bamenda da ƙauyukanta. A gidajen abincinsu ake cin acu: gwaza da aka kirɓa ta yi laushi, a yi mata rami a tsakiya, a zuba miya rawaya ta manja. Abin da ke sa manjan ya haɗe da ruwa ya yi wannan launi, sunansa a bakinsu kanwa, kalmarmu ba ko canji, shaidar cewa fatake sun riga taswira isa can. A waɗannan teburan murnar gasar ba ta kai ta sauran unguwanni ba. Akwai masu goyon bayan tawagar da zuciya ɗaya, akwai kuma wanda ƙauyensu ke ƙone, yana kallon biliyoyin da aka zuba a filayen wasa. Ba na ganin laifinsa.

Bastos ba ta buƙatar dogon bayani. Sunan wani kamfanin taba ne da ya taɓa zama a wurin. Yanzu unguwar ofisoshin jakadanci ce, har da na Najeriya, da gidajen abincin Labanawa da na Faransawa da na 'yan China, inda kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da gida guda a Mokolo kwana biyu. Jami'an ƙwallo da manyan baƙi a can suka yi ta cin abincin dare. Daga samanta dutsen Febe yake, mai tsawon sama da mita 1,000, inda in ka hau da Magariba za ka ga fitilun garin na kunnuwa tudu bayan tudu.

Ƙofar kudu

Dalilin da ya sa gasar ta zauna a unguwanni fiye da filayen wasa ba ɓoyayye ba ne. An shar'anta cewa ba mai shiga fili sai da shaidar rigakafin korona da ta gwaji, a ƙasar da ƙalilan ne suka yi allurar. An ƙayyade cikar fili a kashi 80 cikin 100 in Kamaru ke wasa, kashi 60 a sauran wasanni. Tikiti mafi arha sefa 3,000 ne, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin 36,270 ne a wata. A makon farko, kujeru suka yi ta zama wayam a filin Ahmadu Ahijo da ke Mfandena, inda Maroko da Ghana da Gabon da Komoros ke wasanninsu. Sai gwamnati ta ba da umarnin a riƙa tashin makarantu ƙarfe 1 na rana, ma'aikatu ƙarfe 2, daga 17 ga Janairu, don jama'a su je kallo. Masu hali da 'yan siyasa suka shiga rabon tikiti kyauta. Washegarin fara wannan tsari ne Salima Mukansanga 'yar Ruwanda ta busa wasan Zimbabuwe da Gini a filin Ahmadu Ahijo, mace ta farko da ta yi alƙalanci a tarihin gasar.

Ranar Litinin 24 ga Janairu, Kamaru ta haɗu da Komoros a zagayen 'yan 16. Wasa ne da duniya ta zuba wa ido, saboda korona da rauni sun hana Komoros duka masu tsaron ragarta, har sai da ɗan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu. Minti 7 da farawa aka ba kyaftin ɗinsu jan kati, duk da haka da ƙyar Kamaru ta sha da ci 2 da 1. Amma gab da fara wasan, a ƙofar kudu ta filin Olembe mutane ne ke danne juna. Filin mai ɗaukar mutum 60,000 yana can arewacin gari, kimanin kilomita 13 daga tsakiya, kuma jama'a sun yi ta isowa a makare saboda cunkoson hanya. Mutum 8 suka rasu, cikinsu har da yaro, 38 suka jikkata. Shugaban hukumar ƙwallon Afirka, Patrice Motsepe, ya faɗa washegari cewa akwai ƙofar da ya kamata a ce tana buɗe amma aka same ta a rufe. Aka ɗauke wasan gaba daga Olembe aka mayar filin Ahmadu Ahijo, inda Masar ta fitar da Maroko.

An shafe shekaru ana gina filin Olembe, an kashe dukiya mai yawa, aka kasa tsara yadda talaka zai shiga ya fito da ransa. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, akwai sakaci a ciki, kuma har yau in na tuna gasar, ƙofar nan nake fara tunawa kafin kowace ƙwallo. Daren ranar, labarin ya riga masu dawowa daga fili isa unguwanni ta wayoyin hannu. Kiɗa bai tsaya ko'ina ba, garin ya fi ƙarfin haka, amma a teburan shayi hira ta koma kiran waya: ina wane, ya dawo, wa ya gan shi.

Kwana 10 bayan haka aka koma Olembe, Masar ta fitar da Kamaru a bugun fanareti bayan an tashi babu ci. Aboubakar kaɗai ya zura tasa. Mai tsaron ragar Masar, Gabaski, ya tare biyu, ta ƙarshe ta yi waje. Kamar 1972, a gida, a wasan kusa da na ƙarshe. A daren nan mata masu kifi da yawa da sauran kaya suka koma gida. Ranar Asabar kuma, a wasan neman na uku, Burkina Faso ta kai ga ci 3 da nema, mutane suka fara barin kujerunsu, sai Kamaru ta farke duka ukun a cikin minti 20 na ƙarshe, biyu daga ƙafa da kan Aboubakar, ta kuma yi nasara a fanareti. Ƙwallayensa suka cika 8, ba wanda ya kai shi a gasar. Wannan ya faru ne a filin da ke ɗauke da sunan wani ɗan Garwa, Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar na farko, wanda ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa kuma na can har yanzu.

Ranar Lahadi 6 ga Fabrairu, mutanen Dakar ɗin ne, wato Sanagal, suka doke Masar suka ɗaga kofin, karo na farko a tarihinsu. Sadio Mane ya ɓarar da fanareti a farkon wasa, ya dawo ya ci ta ƙarshe da ta raba gardama, 4 da 2. Kocinsu Aliou Cisse shi ne kyaftin ɗin da ya ɓarar da tasa a wasan ƙarshe na 2002 a Bamako, a gaban Kamaru. Akasarin 'yan kallon Olembe suna bayan Sanagal, kuma teloli da 'yan tireda 'yan Sanagal da ke zaune a Briketeri sun samu maƙwabtan taya murna har gari ya waye.

Da yammacin Litinin tashar jirgin ƙasa ta cika da masu komawa arewa. Jirgin Ngaundare da dare yake tafiya, kilomita sama da 600 cikin kurmi, ya wayi gari a tudun Adamawa. Daga can mota ce zuwa Garwa da Marwa, ko a karkata yamma a nufi Yola. A cikin kayan fasinjoji akwai rigunan kore da ja da rawaya da farashinsu ya faɗi tun daren Alhamis, da sandunan bobolo ɗaure da igiya, da ƙunshin kilishin Briketeri a takarda, man ya fara ɓullowa ta gefe.